Tumbin Baba da Jitarsa

Duk layinmu Saura Kaɗan suke kiran mahaifina. Kafinta ne, ya haura shekara arba'in a sana'ar, kuma duk wanda ya taɓa ba shi aiki ya san inda sunan ya samo asali. Za ka zo karɓar kujerarka, ka same ta tsaye ƙyam, an goge ta tana sheƙi. Ka miƙa hannu za ka ɗauka, sai ya dafe ta ya ce, "Saura kaɗan." Ya sa ka zauna, ya zagaya bayanka, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin cinyarka, ya ce tashi. Ya rage rabin inci a ƙafafun baya. Ka dawo jibi, ya ce ya sake tunani, rabin incin nan kuskure ne. Akwai wani malamin makaranta da ya ba shi aikin gadon jariri, ranar da aka kai gadon, yaron da ƙafarsa ya hau.

Ba ha'inci ba ne, ba kuma lalaci ba. Baba ya yarda har cikin ransa cewa babu mutumin da ke zama ba daidai ba, sai dai kujerar da aka yi ba daidai ba. In bayanka na ciwo, laifin katako ne. Ni kuwa, 'yarsa ta fari, a sashen gashin ƙashi na wani asibiti nake aiki, inda kullum nake fama da mutanen da suka lanƙwashe kansu da kansu a kan kujeru masu kyau. Kun ga ke nan mun daɗe ba ma shan inuwa ɗaya a kan wannan batu. Uwata yake ce min, yana kuma ji da ni, amma da na ɗauko zancen yadda ake zama sai ya jawo zarto ya hau yankan abin da ba ya buƙatar yanka.

Shagonsa a jikin gidanmu yake, bango ɗaya ya raba shi da kicin ɗin Mama. A jikin bangon nan ya kafa teburin aiki, nan injin yankan katako yake, nan yake buga ƙusa tun hantsi har rana ta yi sanyi. Mun taso muna magana da ihu ba mu san ihu muke yi ba. Sai da na shiga makarantar kwana wata ta tambaye ni da wa nake faɗa, alhali gaisuwa nake yi.

Bara waccan kunnen Mama ya fara nauyi. A yi ta buga ƙofa ba ta ji, rediyo kuma sai ta ƙure shi har maƙwabta su san labaran duniya ba su saya ba. Na kai ta wajen likitan kunne a wurin aikinmu, Baba ya biyo mu. Likita ya gama gwaje-gwajensa ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sahu, wataƙila shekara guda, wataƙila ba za a kai ba. Ya gwada mata na'urar da ake saƙalawa a kunne, ta ce a cire mata, hayaniya kawai take ƙara mata. Sai ya tambaya ko ta daɗe tana zama kusa da ƙara mai ƙarfi. Baba na zaune a gefe, hularsa a kan gwiwa. Likitan ya ƙara da cewa shekaru ma na kawo haka, gado ma na kawowa, amma Baba bai ji wannan ba. Tambayar farko kawai ya ɗauka ya taho da ita gida.

Washegari ya kwance injin daga jikin bangon ya mayar da shi can bakin titi. Da yamma ya kira ni shago, ya sauko da wata jita daga saman kabad, ta yi butu-butu da garin katako. Wani ne ya kawo gyaran wuyanta shekarun baya, ya gaji da zarya, da zai yi ƙaura ya ce ya bar masa halak malak.

"Uwata," ya ce, "shekara arba'in matar nan ba ta ji komai daga hannuna ba sai guduma da zarto. Kafin ɗayan ya rufe, zan kaɗa mata waƙa ɗaya. Ɗaya tak. Wannan da take rerawa in tana wanki."

Na ce, "To Baba, ka iya ne?"

"Katako ne da waya shida. Me zai gagara?"

Tausayinsa ya kama ni, ban ja da shi ba. Na sayo sababbin tsirkiyoyi, na samo masa bidiyon koyarwa a wayata, muka gano cewa kamun yatsu uku kacal waƙar Mama take buƙata. Mai hankali da wata biyu ya gama. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne tumbin Baba.

Baba ba mai ƙiba ba ne. Hannuwansa da ƙafafunsa sirara ne, jijiya zalla. Tumbin ne ya fito gaba shi kaɗai, zagayayye, mai tauri, kamar ya ɓoye tulu a cikin riga. Shi yake riga shi shiga ɗaki. A shago yana da ranarsa, don a kansa Baba yake tokare katako in yana awo, wani lokaci har fensir yake ajiyewa a samansa. Amma da ya zauna ya ɗora jita a cinya, sai tumbin ya ture ta. Ta sulale zuwa gwiwa, ya jawo ta, ta sake sulalewa. In ya matse ta da hannun dama, kafaɗarsa ta ɗage har kunne. In zai duba yatsunsa, sai ya miƙa wuya ya tsallake tumbin da ido. Minti biyar ya fara nishi, minti goma ya ajiye ta yana murza ƙugu.

"Duk yaran nan na cikin wayarki sirara ne," ya ce. "Ba ko ɗaya da ya taɓa ƙoshi. Yaya za su koya wa magidanci zama?"

Na ce, "Baba, abin ba wuya. Ka samu kujera mai tauri marar hannu, ka zauna a bakin-bakinta, ƙafa biyu a ƙasa. Ka sa wa jitar maɗauri ka rataya a kafaɗa ko da a zaune kake. Ka ɗaga wuyanta sama kaɗan, ka daina leƙe. Duk bayan minti ashirin ka tashi ka miƙe jiki."

Ya dube ni da tausayi. "Wannan ai shawarar wanda ba shi da kayan aiki ce."

Daga ranar ya tasa aikin kujera a gaba, ba ji ba gani. Ta farko mai hannuwa biyu ce, da soso mai laushi, irin wadda manya ke zama a ofis. Da ya zauna ya nutse, gwiwoyinsa suka taso, gwiwar hannunsa ta dinga dukan hannun kujera. Ya yanke wa kujerar hannun dama. Sai wuyan jita ya dinga karo da na hagu, ya yanke shi ma. Ya cire soson. Na ce to ga shi ta dawo irin wadda na faɗa tun farko. Ya ce ko kusa, tasa da hannuwa aka yi ta aka cire, wannan daban ne da wadda ba ta taɓa samun hannu ba.

Ta biyu ya kwantar da bayanta sosai, wai don tumbin ya koma ciki da kansa. Tumbin bai koma ko'ina ba. Baba ne ya koma kallon rufin shago, jita a ƙirjinsa, yana lalube. Kwana na uku ya ɗaga ƙafa zai gyara zama, shi da kujera da jita suka tafi ta baya cikin tarin garin katako. Abin da ya fara tambaya da muka ɗago shi shi ne ko ƙafar kujerar ta tsage.

Sai ya ga wani a bidiyo ya ɗora ƙafar hagu a kan ɗan ƙaramin matashi na katako. Na ce wannan kam ana yi, amma kada ya wuce tsayin tafin hannu, kuma kada a daɗe a kai. Baba ya ƙera nasa mai hawa biyar, da maƙalai, da ɗan aljihun ajiye fensir a gefe. Tunda ya sha wahalar yin hawa na biyar, a na biyar ɗin ya dinga ɗora ƙafa. Mako guda ƙugunsa ya karkace, ya koma tafiya a gicciye, ni ce da gasa masa da ruwan zafi ina mita.

A nan ne Mai Faci ya shigo maganar. Rumfarsa tana tsallaken titi daura da shagon Baba, abokai ne tun ban san kaina ba, Kawu nake ce masa. Shi kuma a wurinsa matsalolin duniya biyu ne kacal, ko dai abu na santsi, ko dai iska na fita. Ya tsallako ya tsaya yana kallon Baba yana kokawa da jita, ya girgiza kai.

"Saura, kana ta ɓarnar katako a banza. Santsi ne. Miƙo cinyar nan."

Ya yanko robar tsohon tib na cikin taya mai faɗin tafin hannu biyu, ya kankare ta, ya shafe ta da gam ɗin faci, ya manna a kan wandon Baba, Baba na cikin wandon. Gaskiya jita ta tsaya cak, har Baba ya yi kamun yatsu biyu a jere karo na farko. Sai da ya zo tashi aka gane gam ɗin ya ratsa yadi ya kama gashin cinya. Awa guda na yi da man gyaɗa da almakashi ina raba mahaifina da wandonsa ta ƙasan zanen da ya ɗaura, yana cije leɓe, Kawu na tsaye yana cewa wannan shaida ce gam ɗinsa ba na jabu ba ne. Mama ta leƙo ta gani, ta yi dariya har da riƙe ƙofa.

Dabararsa ta biyu, dole in faɗi gaskiya, ta yi ma'ana. Ya kawo ƙaramin tib na keken yara, ya naɗe shi ya hura, aka sa tsakanin cinya da jita. Ta ɗago daidai ƙirji, ƙafafun Baba biyu a ƙasa, bayansa a miƙe. Har na yaba. Amma shagon kafinta ba wurin ajiye abin hurawa ba ne. Wata 'yar ƙusa ta same shi, ya dinga sacewa a hankali. Baba na kiɗa jita na sauka, shi kuma yana bin ta, yana bin ta, har haɓarsa ta kusa taɓa gwiwa. Kawu ya ce facinsa bai taɓa yoyo ba, tumbin ne ya fi ƙarfin tayar keke, a jira ya samo ta babur.

Ana cikin haka wata biyar suka shuɗe. Kujeru shida a jere a bayan shago, kowacce da aibinta, har masu wucewa na tsayawa su taya. Waƙa kuwa ko rabi ba a kai ba. Mama ta daina kunna rediyo. In zan yi mata magana sai na tsaya a gabanta, ta dama, ta dinga kallon bakina. Ta daina rera waƙar wankin ma, ta ce ba ta jin muryarta, tana tsoron ko ihu take yi. Ranar da na shigo na faɗi da tire a bayanta, kofuna suka tarwatse, ba ta ko waiwayo ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Na wuce shago na samu Baba yana auna ƙafar kujera ta bakwai.

"Baba, yaushe za ka kaɗa mata?"

"Saura kaɗan, Uwata."

"Kunnen Mama ba mai sayen kujera ba ne. Ba zai tafi ya dawo jibi ba."

Ya ajiye ma'aunin. Ya ce na yi gaskiya, ya ɓata lokaci a kan kujera, laifin ba na kujera ba ne. Na fita ina jin daɗi, na ɗauka a ƙarshe magana ta shiga. Ban san inda tunaninsa ya nufa ba. In ba kujera ba ce, to akwai sauran katako ɗaya a cikin maganar.

Kwana huɗu ina aikin safe, ban leƙa shago ba. Ashe Baba ya tsaya a jikin bango, Kawu ya kara kwali a gefensa ya zana siffar tumbin da fensir. Da wannan zanen Baba ya kwantar da jita a kan tebur, ya yanke bayanta da siririn zarto, ya sassaƙa wani katako mai kauri ya yi masa rami daidai tumbinsa, ya dasa a wurin. Ya ƙara mata tokare uku a ciki don ta yi ƙarko. Inda ya ga 'yar kafa, ya cike da gam da garin katako. Ya goge, ya shafa mai. Ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan daga hannunsa ba, kuma a kwana huɗu, shi da gadon jariri ke ɗaukarsa shekara biyu.

Ya kira ni in gani. Ya zauna a kujera ta bakwai, ya ɗora jita, ta zauna a kan tumbin kamar murfi a kan tukunya. Ba santsi, ba leƙe. Kafaɗunsa daidai, bayansa a miƙe, wuyan hannunsa a sake. Na zagaya shi sau biyu ina neman abin gyara, ban samu ba. Da a wurin aiki ne da na ɗauki hotonsa na manna a bango.

Sai ya kaɗa.

Abin da ya fito bai fi ƙarar yatsa a kan katifa ba. Ramin tumbin ya cinye cikin jitar, katakon mai kauri ya danne sauran. Ni da ke tsaye a gabansa da kunnuwa biyu lafiyayyu sai da na sunkuya. Ya sake kaɗawa da ƙarfi, haka. Kawu ya cire hula ya sosa kai, ya ce a hankali, "Iskar ce ta fita, Saura." Ba wanda ya yi dariya.

Na ce a nemo wata jitar, ko aro ne. Muna cikin haka sai ga Mama a bakin ƙofa da kofin shayinsa. Mun ɗauka muna ɓoye mata ne duk watannin nan, ashe tun ranar wando ta gane komai. Ta ajiye kofin, ta tsaya taku biyu daga gare shi, ta juyo masa kunnen dama.

"To, kaɗa min mana," ta ce da ƙarfi. "Na gaji da jira."

Ya kaɗa. Ya bi waƙar tun daga farko har ƙarshe, yana tuntuɓe, yana komawa, gumi na bin wuyansa. Ya kai ƙarshe ya ɗago yana kallonta. Ita kuma hannunsa take kallo.

"Ka fara?" ta ce.

Na juya baya, don ba zan iya kallon fuskarsa ba. Da na waiwayo ya sunkuyar da kai, hannuwansa a saman jitar. Mama ta matso, ta duƙa ta kai kunne bakin ramin gaba, ta ce ya taɓa. Ya taɓa tsirkiya ɗaya, ta girgiza kai. Garin ɗagowa sai muƙamuƙinta ya dafa gefen katakon, tsirkiyar ba ta gama rawa ba. Ta tsaya cak.

"Sake."

Ya sake. Ta danna kumatunta sosai a jikin jitar, ta rufe ido. Ta ce tana ji, ba a kunne ba, a haƙora da ƙashin fuska. Amma bayanta ba zai jure duƙawa ba, don haka ta zauna daɓas a kan siminti, cikin garin katako, ta jawo jitar ƙasa. Baba ba shi da zaɓi, ya sauko daga kujera ta bakwai ya biyo ta. Ƙafa ɗaya a naɗe ƙarƙashinsa, ɗayar ta shige ƙasan teburin aiki. Jita ta kwanta a karkace a kan gwiwarsa, nesa da tumbin, ramin da ya sha wahalar sassaƙawa yana kallon iska. Kan Mama na kan kafaɗar jitar, don haka sai da ya ɗaga hannun dama ya tsallake ɗankwalinta kafin ya kai ga tsirkiya, wuyan hannu a lanƙwashe, wuyansa a murɗe. Duk abin da nake hana mutane yi a wurin aiki, ya haɗa su a zama ɗaya.

Na ce, "Baba, bayanka."

"Rabu da shi," ya ce.

Ya kaɗa waƙar. Mama ta fara bin sa da murya, sama da yadda ya kamata, shi kuma ƙasa da yadda ya kamata. Inda ya yi jinkiri sai ta ɗaka masa duka a gwiwa, ya ƙara sauri. Ya ɗan motsa zai zaro ƙafarsa da ta mutu, ta ce, "Kar ka motsa," bai kuwa motsa ba. Sau shida suka maimaita. Da aka gama, ni da Kawu muka kama shi ta hammata muka ɗaga, ƙafar ta ƙi taka ƙasa, muka kai shi ɗaki yana tsalle da ɗaya. Kwana uku ina shafa masa man zafi.

Yanzu an fi shekara. Kunnen dama ya bi ɗan'uwansa kamar yadda likita ya faɗa. Mama ba ta jin muryata ko kaɗan, a takarda nake rubuta mata abin da ya fi ƙarfin nuni da hannu. Kullum rana ta yi sanyi sai ta jawo tabarma zuwa shago, ta ƙwanƙwasa jitar da yatsa. Baba ya ajiye abin da yake yi, ya sauka ƙasa da nishi da ƙarar gwiwoyi, ya murɗe kansa yadda ta saba. Na sa masa matashi a bango, na roƙe shi ya dinga canja ƙafa, wani lokaci ya ji, galibi ya manta. Waƙar har yau ɗaya ce, kuma har yau a wuri ɗaya yake tuntuɓe.

Ran nan bayan sun gama, yana can yana murza ƙugu, na rubuta mata a takarda na miƙa: Mama, wai kiɗan nan yana da daɗi kuwa?

Ta karanta, ta dube shi, ta amsa da muryar da duk layin zai ji.

"Ko kaɗan. Amma duk duniya shi kaɗai ya rage da nake ji."